SHIN ƊAN KIBIYA DAƘIƘI NE?

Ina roƙon Malam Edita ya sammini ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, don in amayar da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce. In na yi zafi a yi mini aikin gafara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, wata rana da dare bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar ɗakin kwananmu ana taɗi, sai hira ta gangaro kan sha'anin samun gurbin karatu a jami'a. Sai wani ɗan'uwa daga cikinmu, wanda ba zan kama sunansa ba don ba da shi nake faɗa ba, da maganarsa nake, ya gyara zama ya ce: "Ai yanzu zamanin kuka ya wuce. Kwamfuta ce ke duba jarrabawa, ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba. Duk wanda ka ga bai sami Likitanci ko Lauya ba, to ko dai rago ne, ko kuwa kansa ba ya ja. Ku dai mutanen karkara kun cika ƙorafi." Aka yi dariya, aka tafa, aka watse. Ni kuwa na kwana ina juyi, domin na san wannan magana ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce a bakin da yawa daga cikinmu, har da waɗansu manya masu faɗa a ji.

Ni ɗan Kibiya ne gaba da baya. A can aka yanke mini cibiya, a can na yi firamare, na kuma yi sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a wannan yanki namu na Rano da Kibiya. Saboda haka abin da zan faɗa ba a littafi na karanto shi ba, gani ya kori ji.

YADDA ƘOFAR TAKE

Kafin mu yanke wa kowa hukuncin ragwanci, ya kamata mu dubi ita kanta ƙofar da ake ta turereniya a bakinta. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don ta tsara shiga jami'o'in ƙasar nan, ita ke shirya jarrabawar UTME kowace shekara. Tun daga 2015 an daina rubuta ta da fensir da takarda, sai a kan kwamfuta. Darussa huɗu ne, Turanci tilas, sauran ukun kuwa gwargwadon kwas ɗin da yaro ke nema. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, maki kuma 400 gaba ɗaya.

A 2024 yara wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari tara suka zauna wannan jarrabawa. Bisa alƙaluman da ita kanta hukumar ta fitar, kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka sami 250 zuwa sama su 77,070 ne, watau wajen mutum huɗu cikin kowane ɗari, waɗanda kuwa suka kai 300 su 8,401 ne kacal a duk faɗin Nijeriya. Gaskiya ne an ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne a wannan shekara, aka ɗaga shi zuwa 150 a 2025, to amma kowa ya sani wannan makin tsayawa bakin zaure ne kurum. Mai neman Likitanci ko Harhaɗa Magunguna ko Lauya a manyan jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, in bai shiga sahun waɗancan 'yan huɗu cikin ɗari ba, da wuya a ɗaga kai a dube shi. Bayan wannan kuma akwai tantancewar da kowace jami'a ke yi wa masu nemanta, wadda aka soma a 2005, aka soke a 2016, aka dawo da ita a 2017. Sa'an nan ga sakamakon WAEC ko NECO: mai son Likitanci sai ya kawo kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, jami'o'i da yawa ma sai sun ce a zama ɗaya.

To, ni ban ce a rage wannan tsanani ba ko kaɗan. Ba wanda zai so a danƙa wuƙar fiɗa a hannun wanda bai ƙware ba. Ban kuma ce kwamfuta tana nuna son kai ba. Na yarda tsarin CAPS da hukumar ta shigo da shi a 2017 ya toshe ramuka da yawa da ake bi a da ana shiga ta bayan gida. Amma fa kwamfuta abin da aka zuba wa yaro a ka take aunawa, ba ta tambayar wa ya zuba, ko ma an zuba ɗin. Alƙalin tsere yana iya zama adali a bakin layin ƙarshe, alhali kuwa tun a wurin tashi an ba wani ingarman doki, wani kuma an ce ya zo a ƙasa, ba ko takalmi.

HANYAR DA ƊAN KIBIYA KE BI

Bari in ba ku labarin hanyar, don wanda aka haifa a Gwale ko Tarauni ya san abin da ake nufi in an ce yaro ya fito daga Tarai ko Durba ko Fassi ko Nariya ko Ruwan Bago ya zo neman jami'a.

A makarantar da na yi, shekara uku muka yi a babbar sakandare ba mu da tsayayyen malamin Fiziks. In Allah ya kawo ɗan hidimar ƙasa sai mu yi murna, kafin mu saba da harshensa wa'adinsa ya cika, ya tafi. Akwai wani ɗaki da aka rubuta wa suna ɗakin gwaje-gwaje, amma abin da ke cikinsa karyayyun kujeru ne da gidan rina. Madubin ganin ƙwayoyin cuta a allo aka zana mana shi da alli, muka kwafa, muka haddace sunayen sassansa kamar karatun aku. Malamin Turancinmu, Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai ne ke bin azuzuwa tun daga ƙaramar sakandare har babba, ina zai sami sukunin duba insha'in kowa? Malaman da ake turo mana daga birni kuwa, da yawansu tun ranar da suka kawo takardar kama aiki suke fafutukar neman canji, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don ba gidan da aka tanadar musu, ba wani ƙarin alawus na zaman karkara.

Daɗa ga sha'anin gona. Jarrabawar NECO a watannin Yuni da Yuli ake yin ta, watau daidai lokacin shuka da noman fari. Yaron birni ya tashi daga makaranta ya wuce lesin, da dare a kunna masa janareta. Namu kuwa ya ajiye jaka ya ɗauki fartanya, in ya dawo magariba a gajiye ya yi karatu da fitilar waya, in akwai caji. Kafin ma a kai nan sai ya haye jarrabawar kwalifayin a aji biyu, don ita ce sharaɗin gwamnatin jiha ta biya masa kuɗin NECO. Wanda ya faɗi, in ubansa ba shi da abin sayarwa, nan karatunsa ya tsaya.

Ni da kaina Lauya na so in karanta. Ban taɓa sanin cewa ana bukatar Adabin Turanci ga mai neman wannan kwas ba sai ranar da na je cike fom, mai buga mana bayanai a kwamfuta ya dube ni ya yi murmushi. Makarantarmu ba ta taɓa koyar da wannan darasi ba, ba kuma malamin ba da shawara da zai gaya mana tun muna aji ɗaya. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Shekarar da na fara nema, 2021, ita ce shekarar da aka wajabta lambar NIN ga duk mai yin rajista, sai da na yi sawu uku kafin in same ta. Da jarrabawa ta zo, birni aka tura ni. Na biyo ta Rano da Bunkure tun ana gobe, na kwana a shagon wani ɗan garinmu, kuma ranar ce rana ta biyu a rayuwata da na zauna gaban kwamfuta. An ce mana ai 'yan haruffa kaɗan ne za ka riƙa latsawa, ba wuya. Haka ne, amma wanda hannunsa ke rawa, yana tsoron kada ya taɓa wani wuri allon ya ɗauke, yana kallon agogo na cin lokacinsa, ba daidai yake da wanda ya shekara yana gwaji da tsofaffin tambayoyi a kwamfutar gidansu ba. Sai a zama na biyu na sami shiga, aka ba ni Hausa. Yau ina godiya ga Allah, don na sami abin da raina ke so, ba zan kuma musanya shi da komai ba. Amma ban manta ba cewa ba ni na zaɓa ba, rashin malami ne ya zaɓa mini.

Nawa ma mai sauƙi ne. Akwai wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda tun daga firamare bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Mahaifiyarsa wajen haihuwa ta rasu, a kan hanyar kai ta asibiti, tun ran nan ya ƙudurta a ransa likita zai zama. A 2024 ya sami maki 231, ba lesin, ba ɗakin gwaji, ba malamin Fiziks. Ku duba alƙaluman da na kawo a sama, za ku ga wannan yaro ya shiga gaban fiye da kashi uku cikin huɗu na duk waɗanda suka zauna jarrabawar a Nijeriya. Amma a layin Likitanci 231 ba ta isa a kira sunansa ba. Ya sake zama, ya ɗan ƙara, ba ta kai ba. Kuɗin rajista kaɗai a 2025 ya haura naira dubu bakwai, ban da mota da abinci da buga takardu, kuma kowane zama sai an fitar da hatsi daga rumbu an kai kasuwa. Yanzu mahaifinsa ya ce ya gaji, in damina ta wuce ya bi 'yan'uwansa birni ya nemi tuƙin adaidaita-sahu. Malam mai cewa rago ne, don Allah ka zo ka dubi idon wannan yaro ka maimaita. Da shi da wanda aka kashe wa dubban ɗaruruwa a makarantar kuɗi ya kawo 270, wa ya fi wani kaifin ƙwaƙwalwa? Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kwamfutar ma ba ta sani ba.

In kuwa 'ya mace ce, to ka ninka duk abin da na lissafa. Wane uba ne a ƙauye zai bar 'yarsa ta kwana a shagon wani a birni don ta isa wurin jarrabawa da sassafe? Ko a 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar nan kan umarnin da aka ba yara su isa cibiyoyin jarrabawa da ƙarfe 6:30 na safe. Ita zama ɗaya ake ba ta, in ba ta samu ba sai maganar aure ta taso.

KURA DA SHAN BUGU

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai gwamnati ta riga ta yi maganin wannan, tun da akwai tsarin kaso. Lalle akwai shi. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilmin zamani. Jihohi 23 ne a wannan rukuni na ƙarshe, Kano na cikinsu. Watau in sashe zai ɗauki mutum 100, Bakano mai neman Jami'ar Bayero yana da ƙofa uku. Saboda wannan ne ma 'yan'uwanmu na Kudu ke yi mana gori dare da rana, suna cewa ana ɗauke mu a kafaɗa.

To, a nan gizo ke saƙa. Duk wannan lissafi da sunan jiha ake yin sa. A idon takarda, yaron da ya tashi a unguwar Nasarawa, ya yi makarantar da ake biyan kuɗin zango da abin da ya fi amfanin gonar babana na shekara, da ƙanena na Kibiya, duka sunansu ɗaya: Bakano wanda aka bari a baya. Da an buɗe ƙofar kashi 20 ɗin nan, wa kuke tsammani zai riga shiga? Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne ke cikin birni da kewayensa, watau Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Sauran 36 ɗin, da yawan yaransu marasa zuwa makaranta, da azuzuwansu marasa rufi, su ne hujjar da ake kai wa Abuja a ce an bar Kano a baya. In rabo ya zo kuwa, sai ya tsaya inda manyan makarantu suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu ake yi wa gorin kaso, wasu ke cin kason.

A 2025 an yi ta murna da aka ce Kano ce ta zo ta ɗaya a ƙasa wajen yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a NECO, yara sama da dubu 68. Ni ma na yi murna, don Bakano ne ni. Amma tambayata ita ce, nawa ne daga cikinsu suka fito daga Kibiya, nawa daga Rano, nawa daga Bunkure? Daga cikin waɗanda suka fito ɗin kuma, nawa suka sami Likitanci ko Injiniya ko Lauya? A fito mana da lissafin ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, makaranta bayan makaranta, a manna a bango kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan ciwo, don 'yan gida ke yin ta. Duk inda aka ce za a raba wani abu bisa ƙananan hukumomi, gurbin karatu ne ko tallafi ko aiki, sai ka ga motoci masu baƙin gilashi sun nufo gari. Yaran da ba su taɓa kwana a Kibiya ba, ba su san hanyar Kahu ko Kadigawa ba, waɗansunsu ma Hausar sai a hankali, an kawo su karɓar takardar shaidar asali, don kakansu a nan aka haife shi. Ban hana kowa asalinsa ba, jini ba ya ɓuya. Amma kason da aka ware saboda wahalar karatu a karkara, ta yaya zai zama na wanda bai ɗanɗani wahalar ba? Ashe ke nan ɗan Kibiya na gaskiya sau biyu ake kayar da shi, a matsayin Bakano a kayar da shi, a matsayin ɗan Kibiya ma a kayar da shi.

A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon yara 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Na yaba masa, don amsa laifi sai namijin gaske. Amma ku lura da dalilin da ya sa aka ji kukansu: iyayensu sun san ƙofar jarida da ta lauya, sun cika kafofin sadarwa da ƙara. Tangarɗar kwana ɗaya ke nan. Mu tamu tangarɗar shekara goma sha biyu take yi, tun daga aji ɗaya na firamare, ba kuwa wanda ya taɓa zubar mana da hawaye.

IN ƁERA DA SATA

Kada a ce na ɗora wa gwamnati da mutanen birni komai na wanke namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai iyaye a garuruwanmu da za su sayar da sa don bikin aure, amma sayen littafin Kemistiri ɗaya ya gagare su. Akwai mugunyar al'adar satar amsa, inda ake haɗa kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo, yaro ya fito da kiredit tara, ya je gaban kwamfuta ya kasa kawo 150. Wanda ya yi wa yaro haka ya cuce shi, ya kuma zubar da mutuncin takardar duk wani mai gaskiya da ya fito daga yankin. Akwai 'yan bokonmu da suka sami ɗaukaka, suka kwashe 'ya'yansu zuwa birni, ba sa tunawa da makarantar da ta yaye su sai lokacin zaɓe. Mu kanmu ɗalibai, ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya me suke yi ban da rigimar kujera da bikin ba da lambar yabo ga masu kuɗi? Duk na yarda da wannan. Sai dai ko ɗaya daga ciki ba laifin yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba ne, shi kuwa ake kira daƙiƙi.

Waɗansu kuma za su ce, ai ga wane da wane, daga ƙauye suka fito, ga su nan farfesoshi da manyan likitoci. Haka ne, Allah ya ƙara musu. Amma ku tambaye su ta wace hanya suka bi. Za ku tarar da yawansu an tsamo su ne tun suna ƙanana aka kai su makarantar kwana ta gwamnati, a zamanin da take ciyarwa, take ba da littafi da sabulu har da kuɗin mota. Wanda ya haye kogi a kwalekwale bai kamata ya tsaya a gaɓa yana yi wa masu iyo dariya ba.

ABIN YI

Maganin wannan cuta ba baƙo ba ne a Kano, mun taɓa yin sa da hannunmu. A 1977, da gwamnatin jiha ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa daga makarantun jiha, ta tara musu malamai da kayan aiki. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan wannan shiri ya yi digirinsa na uku. Je ka manyan asibitocin Kano ka ƙirga likitocin da suka fito daga Dawaki biyun nan, za ka san shirin ya haifi ɗa mai ido. Haka kuma makarantun share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a Zariya da kwalejin CAS ta Kano, da jarrabawar IJMB, an ƙirƙiro su ne musamman don a cike giɓin da sakandare ta bari. Magabatanmu ba su ce yaran Arewa daƙiƙai ne ba, sun ce a gyara musu hanya.

A waje ma akwai abin koyi. A 1997 jihar Texas ta Amurka ta yi doka cewa duk yaron da ya fito cikin kashi goma na sama a ajinsa, ko a wace sakandare yake a jihar, yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Watau an gwada yaro da waɗanda suka sha ruwa ɗaya da shi. A 2012 ƙasar Brazil ta ware rabin guraben jami'o'in tarayyarta ga waɗanda suka yi babbar sakandare a makarantun gwamnati. Dukansu makarantar da yaro ya zauna suka duba, ba su tambayi inda aka binne kakansa ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, daga cikin kason da ake ba Kano, da kuma guraben jami'o'in jiha na Wudil da Northwest, a ware wani rabo sananne a manyan kwasa-kwasai ga yaran da suka yi aji ɗaya zuwa uku na babbar sakandare a makarantun gwamnati na karkara, shaidar kuwa ta zama rajistar makaranta da lambar cibiyar da yaro ya rubuta NECO ko WAEC. Na biyu, yaran da suka fi kowa a kowace irin wannan makaranta, in makinsu ya kusa amma bai kai ba, gwamnati ta ɗauki nauyinsu shekara guda a makarantar share fage, sa'an nan su sake gwadawa. Ba a rage musu ma'auni ba ke nan, an dai biya su bashin da ake bin gwamnati. Na uku, tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, to a auna nasararta da abu mai sauƙin ƙirgawa: kowace babbar sakandare ta sami malamin Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a gina musu gidaje, a ba su alawus na zaman karkara. Na huɗu, kowace ƙaramar hukuma ta tanadi ɗakin kwamfuta mai wutar sola, a buɗe shi duk shekara don yara su saba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ba alfarma muke roƙo ba, sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ta nufi samar da dama iri ɗaya ta ilmi ga kowa a kowane mataki.

Na biyar kuwa namu ne, mu da Allah ya tsallakar. Kowane dogon hutu, ɗalibin Likitanci ɗan Rano ya koma ya koyar da Bayoloji, na Injiniya ɗan Bunkure ya koyar da Lissafi, mu 'yan Hausa kuma mu zauna mu fassara ƙa'idodin shiga jami'a da harshen da iyaye za su gane, mu bi makarantu muna gaya wa 'yan aji ɗaya darussan da kowane kwas ke bukata, don kada wani ya sake jin labarin Adabin Turanci a ranar cike fom. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, ba ya bukatar sa hannun kwamishina. Ni na yi alkawari da hutun nan zan fara, zan kuma je in durƙusa gaban mahaifin ƙanena in roƙe shi ya ƙara masa shekara ɗaya.

Daga ƙarshe, ina mai da magana ga ɗan'uwana na ƙofar ɗaki. Malam, ban yi maka hassadar gurbinka ba, na san ka yi karatu, Allah ya sa ka gama lafiya. Abin da nake roƙonka shi ne, ran da ka zama likita aka tura ka asibitin karkara ka ƙi zuwa, ka tuna akwai wani yaro da ya so ya zauna a can da zuciya ɗaya, aka rufe masa ƙofa. Kibiya kowa ya san ta da kaifi, amma ba ta tashi sai da baka. A ba yaranmu baka tukuna, sa'an nan a zo a yi mana maganar wanda ya iya harbi.

Wanda duk yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami mu haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin. Wassalam.

Daga wani ɗalibin Hausa, ɗan Kibiya.